Yadda Ake Saita Iyakokin Ƙararrawa a Na'urorin Sarrafa Masana'antu

A da, lokacin da ɗakin kula da masana'anta ke aiki da allon fitilu a bango, kowace ƙararrawa sai an ja mata waya, an saya mata fitila, an nema mata gurbi a jikin allon. Tsadar nan ta sa ba a ƙara ko ɗaya sai da ƙwaƙƙwaran dalili. Da DCS da PLC, wato kwamfutocin da ke sarrafa injinan masana'anta, suka shigo, sai abin ya koma danna maɓalli kawai. Duk awon da ya shigo kwamfuta, na zafi ne ko matsi ko gudun ruwa ko cikar tanki, yana zuwa da gurabe huɗu a buɗe: H idan awon ya yi sama, HH idan ya yi sama sosai, L idan ya yi ƙasa, LL idan ya yi ƙasa sosai. Injiniya kan ga gurbin babu komai, sai ya zuba 90 da 80 da 20 da 10, ya wuce na gaba. Kafin a ankara, masana'anta mai awo dubu ta tashi da ƙararrawa dubu huɗu, kuma ba wadda aka zauna aka tambayi abin da za ta hana.

An ga inda wannan ke kaiwa. Ranar 24 ga Yuli 1994 matatar man Texaco da ke Milford Haven a Birtaniya ta yi bindiga, mutum 26 suka ji rauni. Bincike ya nuna cewa a minti 11 na ƙarshe, afaretoci biyu, wato masu lura da injinan daga ɗakin kula, sun fuskanci ƙararrawa 275. Babu ɗan Adam da zai karanta saƙo ɗaya duk bayan sakan biyu da ɗoriya, balle ya gane shi har ya ɗauki mataki. Bayan wannan ne aka fitar da jagoran EEMUA 191 a 1999, sai ƙa'idar ISA-18.2 a 2009 wadda aka sabunta a 2016, sannan IEC 62682 a 2014. Matakan da ke tafe sun dace da abin da waɗannan takardu suka tsara.

Abin da nake so ka riƙe tun daga nan shi ne: iyakar ƙararrawa lissafin lokaci ce. Ana farawa daga inda ɓarna za ta auku, a dawo baya gwargwadon mintocin da mutum ke bukata ya hana ta.

Mataki na farko: tambayi ko abin ma ya cancanci ƙararrawa

Kada ka taɓa kwamfuta tukuna. Nemi afareta wanda ya daɗe a kan wannan sashen, da injiniyan da ya san tsarin aikin, da mai gyaran na'urorin awo, ku zauna. A kan kowane awo ku amsa tambayoyi huɗu. Idan aka ƙyale shi ya ci gaba da hawa ko sauka, me zai lalace? Wane aiki takamaimai afareta zai yi da hannunsa? Akwai lokacin da zai isa ya yi shi? Kuma shin babu wata ƙararrawar da ta riga ta sanar da wannan matsalar?

Tambaya ta biyu ita ce mai tace tsaba daga tsakuwa. Danna maɓallin amsawa ba aiki ba ne. “Zai sa ido” ma ba aiki ba ne, domin dama sa ido ne sana'arsa. Aiki shi ne rage buɗin bawul, tayar da famfo na biyu, aika mutum ya duba matacin da ya toshe, rage wutar tanderu. Idan duk wanda ke zaune ya kasa faɗin aikin, to wannan labari ne kawai. A tura shi kundin tarihin na'ura ko a nuna shi a allo shiru. Famfo ya tashi saboda an umarce shi ya tashi, wannan ba abin kaɗa ƙararrawa ba ne. An umarce shi ya tashi ya ƙi, wannan shi ne.

Duk amsar da kuka bayar ku rubuta ta: dalili, illa, aikin da za a yi, lokacin da ake da shi. Wannan rubutun shi zai zama babban kundin ƙararrawa na masana'antar, kuma kowane mataki na gaba a cikinsa za a zuba shi.

Mataki na biyu: tabbatar awon gaskiya yake faɗa

Iyaka mai kyau a kan awo mai ƙarya ba ta da amfani. Duba faɗin awon da aka saita a jikin tiransimita, wato na'urar da ke auna abu ta aika wa kwamfuta, ka gwada shi da wanda aka rubuta a PLC ko DCS. Yawancin na'urori suna aiko da sigina daga miliamfa 4 zuwa 20. Idan tiransimita na ɗaukar miliamfa 20 a matsayin matsi 10 a ma'aunin bar, kwamfuta kuma na ɗaukarsa 16, duk lambar da ke allo ta kauce, iyakarka ma ta kauce tare da ita. Irin wannan saɓanin ya fi faruwa bayan an canja tiransimita da wata sabuwa ba a gyara ɗaya ɓangaren ba. Duba ma'aunin da ake rubuta iyakar da shi: wasu na'urori suna karɓar ta da ainihin ma'auni kamar digiri ko mita, wasu da kashi cikin ɗari, wasu kuma da ɗanyen adadi. A PLC na Siemens S7, misali, miliamfa 20 na zuwa a matsayin 27648.

Sai ka tanadi abin da zai faru idan na'urar awon kanta ta mutu. Shawarar NAMUR NE 43 ta ware siginar da ta sauka zuwa miliamfa 3.6 ko ƙasa, ko ta hau 21 ko sama, a matsayin alamar lalacewar na'ura. Saita wannan ya fito da saƙonsa na daban, mai cewa awon ya lalace. In ba haka ba, waya ta tsinke sai L da LL su yi kuka tare, afareta ya ɗauka tanki ya ƙafe alhali a cike yake.

Mafi haɗari shi ne awon da ya maƙale a tsakiya, domin ba ya ƙetare kowace iyaka. Haka ta faru a ma'ajiyar mai ta Buncefield a Ingila ranar 11 ga Disamba 2005. Ana cika tanki da fetur, ma'aunin cikarsa ya tsaya cak, kuma duk ƙararrawar cika da afareta ke gani daga wannan ma'aunin suke samun labari, don haka ba wadda ta yi ƙara. Makunnin kariya mai zaman kansa da ke saman tankin shi ma bai yi aiki ba. Fetur ya malala, tururinsa ya kama da wuta, fiye da mutum 40 suka ji rauni. Darasin a aikace shi ne: H da HH da ke rataye a kan tiransimita guda kariya ɗaya ce, ba biyu ba. Inda illar ke da girma, a sa na'ura ta biyu mai zaman kanta, a kuma sa kwamfuta ta yi gargaɗi idan famfo na zuba ruwa amma awon bai motsa ba na wasu mintoci.

Mataki na uku: zana iyakoki biyu da za ka yi aiki a tsakaninsu

Ta farko ita ce inda awon ke yawo a ranar da komai ke lafiya. Kada ka dogara da abin da takardar zane ta ce, buɗe tarihin awon ka gani da idonka. Ɗauko na watanni, wanda ya haɗa lokacin zafi da na sanyi, da cikakken lodi da rabinsa, da sa'ar da ake sauya nau'in kaya. Cire ranakun da aka samu matsala, ka ga mafi sama da mafi ƙasa da ya saba kaiwa. Ka kuma lura da girman rawar siginar, za ka bukace shi nan gaba.

Ta biyu ita ce bakin ɓarna: inda tanki zai malala, inda bawul ɗin kariya zai buɗe ya saki matsi, inda famfo zai fara zuƙar iska, inda kaya za su fita daga ingancin da ake sayarwa. Idan akwai tsarin katsewar gaggawa da ke kashe injin da kansa, to wurin katsewar ne bakinka, domin manufar ƙararrawa ita ce afareta ya gyara kafin a kai can. Waɗannan lambobi daga takardun ƙira da na nazarin haɗari ake samo su, ba daga ƙwaƙwalwar kowa ba.

Mataki na huɗu: lissafin lokaci

Nan ne zuciyar aikin, don haka bari mu bi misali har ƙarshe.

Ga tanki a tsaye mai ɗaukar lita 100,000 tsakanin sifili da cikar awonsa, wato kowane kashi 1 lita 1,000 ne. Famfon da ke cika shi na zuba lita 1,000 a minti. Katsewar gaggawa tana kashe famfon a kashi 92. Tarihi ya nuna cewa a aikin yau da kullum ruwan na yawo tsakanin kashi 40 da 65.

Fara da tambayar saurin hawa. Ba saurin da aka saba gani ake nema ba, mafi munin da hankali zai ɗauka ake nema: hanyar fita ta rufe gaba ɗaya, shiga kuma na nan da ƙarfinta. A nan kashi 1 ne a kowane minti. Idan tankin kwantacce ne mai siffar ganga, ka kula, domin yana ƙuntata a sama, ruwa na ƙara saurin hawa daidai inda ka fi bukatar lokaci.

Sai lokacin mutum, kuma a nan ne aka fi yaudarar kai. Raba shi gida huɗu. Ganin ƙararrawar da karanta ta, a ce minti 2, domin wataƙila yana kan waya ko yana fama da wata matsalar. Gano dalili da yanke shawara, minti 3. Yin aikin, minti 5, idan sai an kira na waje ta rediyo ya taka zuwa bawul ya juya shi da hannu. Na huɗu shi ne wanda aka fi mantawa: lokacin da tsarin kansa ke ɗauka kafin ya amsa, bawul ya gama rufewa, ragowar ruwan bututu ya gama zuba, a ce minti 2. Jimla minti 12. Waɗannan lambobin na misali ne. Naka ka samo su daga bakin masu yin aikin, kuma ka tambayi yadda abin yake da ƙarfe uku na dare lokacin da mutane suka yi ƙaranci, ba da hantsi ba. In da hali, a taka tafiyar da agogo a hannu.

Ƙara rara a kai saboda kuskuren awo da ranar da abubuwa suka haɗu. Ni na fi natsuwa da ƙarin rabi, wanda ya mai da 12 zuwa minti 18. Minti 18 a saurin kashi 1 a minti ya ba da kashi 18. Cire shi daga 92, saura 74. Iyakar H ke nan: kashi 74.

Yanzu waiwaya ƙasa. Aikin yau da kullum na tsayawa a 65, akwai tazarar kashi 9 tsakaninsa da 74, don haka ƙararrawar ba za ta riƙa damun kowa a banza ba. Da an bi al'adar zuba 80, da minti 12 cif aka bar wa afareta, babu rarar ko sakan ɗaya. Da an zuba 90, minti 2 ke nan, wanda da ƙyar zai isa a gama karanta saƙon.

Ɓangaren ƙasa haka ake bi, sai dai a juye: nemo inda famfon fita zai fara zuƙar iska, lissafa saurin sauka idan shiga ta tsaya cak, ka haura sama gwargwadon lokacin. Ba dole tazarar sama da ta ƙasa su zo daidai ba, kuma sau da yawa ɓangare ɗaya ne kawai ke bukatar ƙararrawa. A awon zafi, gida na huɗu na lokacin, wato wanda tsarin ke ɗauka kafin ya amsa, yakan rinjayi sauran, domin ko an rage wuta, zafin kan ci gaba da hawa na wani lokaci kafin ya juyo. A matsin gas kuwa, sau da yawa abin na gudu cikin sakanni.

To idan lissafin ya faɗo cikin yankin aikin yau da kullum fa? A ce masana'anta ta saba riƙe tankin nan a kashi 80. Lissafi ya ce 74, aiki na 80. Idan ka sa 74, ƙararrawar za ta zauna a kunne dare da rana har ta zame wa mutane jiki. Idan ka ɗaga ta zuwa 85 don a samu shiru, ka ba afareta minti 7 ya yi aikin minti 12, kuma ranar da abin ya faru shi za a tuhuma. Duka biyun ba mafita ba ne. Wannan matsalar ƙira ce, kuma can ake gyara ta: a sauke matakin da ake riƙe tankin, ko a sa bawul mai rufuwa daga ɗakin kula don minti 5 ya koma sakanni, ko a miƙa aikin ga na'ura ta yi da kanta. Ina ganin rashin adalci ne a ɗora wa mutum nauyin da lissafi ya riga ya nuna ba zai iya ɗauka ba. Ka rubuta abin da ka gano ka kai wa masu yanke hukunci, kada ka rufe shi da lamba.

Batun HH da LL

Kada ka cika su don kawai gurbin na nan. Ƙararrawa ta biyu a kan awo guda tana halatta ne idan aikin da za a yi ya bambanta da na farko. Idan a H za a rage shiga, a HH kuma za a tsayar da sashen gaba ɗaya, to akwai hujja. Idan amsar ita ce “abin da ya yi a H zai ƙara yi da sauri”, bar gurbin a kashe. A misalinmu, abin da ake bukata a 92 saƙo ne da ke sanar da cewa katsewar gaggawa ta auku. Lambar katsewar kanta kuwa tana ƙarƙashin tsarin kariya da ƙa'idarsa ta IEC 61511, ba a taɓa ta a zaman gyaran ƙararrawa.

Mataki na biyar: hana ta surutu

Sigina ba ta tsayawa cak. Idan ruwa na kaɗawa a kusa da 74, zai ƙetare ya dawo sau da yawa a minti guda, kowane ƙetarawa da ƙararsa. Wadda ta maimaita kanta sau uku ko fiye a cikin minti ɗaya, ita ake kira mai surutu, kuma 'yan kaɗan irinta kan cika jerin ƙararrawar yini guda. Akwai magani iri uku, kowanne da farashinsa.

Na farko tazarar sakewa, wadda ma'aikata ke kira dedban. Ƙararrawa ta kama a 74, amma ba za ta saki ba sai awon ya sauka ƙasa da wata lamba. Inda aka saba farawa shi ne kashi 5 na faɗin awo ga gudun ruwa da cikar tanki, kashi 2 ga matsi, kashi 1 ga zafi. A tankinmu, kashi 5 na nufin za ta saki a 69. Duba abu biyu: tazarar ta fi rawar siginar da ka gani a tarihi girma, kuma wurin sakin bai faɗa cikin yankin aikin yau da kullum ba. 69 na sama da 65, lafiya lau. Da tazarar kashi 12 ce, sai an sauka 62 kafin ta saki, ma'ana tanki zai dawo daidai amma allo na nan da ja. A kula da awo mai faɗi sosai: kashi 1 na awon zafi mai kaiwa digiri 1,000 digiri 10 ne, wanda a wasu ayyukan ya yi yawa ƙwarai.

Na biyu jinkiri, kuma iri biyu ne da bai kamata a haɗa su ba. Jinkirin kamawa yana sa ƙararrawa ta jira awon ya zauna a bayan iyaka na wasu sakanni kafin ta yi ƙara. Jinkirin saki yana sa ta jira bayan awon ya dawo kafin ta ɓace. Lambobin farawa da aka saba su ne sakan 15 ga gudu da matsi, sakan 60 ga cika da zafi. Jinkirin saki ba ya cin komai daga lokacin afareta, shi ya sa nake fara gwada shi. Jinkirin kamawa kuwa daga aljihun afareta ake biyansa: sakan 60 a tankinmu kashi 1 ne na ruwa, sai ka mayar da shi cikin lissafin mataki na huɗu. Yana da wani tarko kuma. A yawancin na'urori, da zarar siginar ta leƙa ƙasan iyaka ko na ƙiftawar ido, agogon jiran na komawa sifili. Sigina mai rawa sosai tana iya daɗewa a bakin haɗari ba tare da ƙararrawar ta taɓa kamawa ba.

Na uku tace siginar don ta yi laushi. Sakan ɗaya ko biyu sun isa a mafi yawan lokuta. Tacewa mai nauyi tana jinkirta komai, har da madaukin sarrafawa, wato tsarin da ke amfani da awon yana daidaita bawul da kansa. Idan kuma rawar ta samo asali ne daga bawul mai maƙalewa ko madauki da ba a daidaita shi da kyau ba, je ka gyara can, kada ka lulluɓe ciwon da jinkiri.

Mataki na shida: ba ta matsayi

Idan uku suka zo tare, wacce za a fara dubawa? Matsayi na fitowa daga abu biyu: girman illar idan ba a yi komai ba, da ƙarancin lokacin da ake da shi. Masana'anta ta rubuta ma'auninta sau ɗaya, na rauni ga mutane da gurɓata muhalli da asarar dukiya, a riƙa auna kowace ƙararrawa da shi. Matsayi uku sun wadatar. Rabon da ake nema kusan kashi 5 masu babban matsayi, 15 matsakaita, 80 ƙanana. Ba doka ba ce da za a tilasta, amma idan ka ga rabin naka duk manya ne, ma'aunin ya lalace, kuma launin ja ya daina gaya wa kowa komai.

Kada ka ɗauka HH ta fi H matsayi kai tsaye. Sau da yawa H ce ke da sauran damar ceto, ita ta fi cancantar a ruga mata. Bayan katsewa ta auku, na'ura ta riga ta yi aikin.

Mataki na bakwai: la'akari da halin da injin ke ciki

Iyakar ƙarancin gudu tana da ma'ana ne kawai idan famfo na aiki. An kashe shi da gangan, gudu ya koma sifili, ƙararrawa ta kama ta kwana a allo har sati. Maganinta a ɗaure ta da halin famfon: tana aiki idan yana gudana, bayan an ba shi 'yan sakanni ya ɗauki ruwa. Haka idan babban kwamfuresa ya katse, ƙananan ƙararrawa goma da ke biyo baya ba sabon labari suke kawowa ba. A nuna dalilin farko, a danne sauran. Sai dai irin wannan dannewar a tsara ta a rubuce, a gwada ta, kuma afareta ya iya ganin jerin abin da aka danne a kowane lokaci. Lokacin tayar da masana'anta da kashe ta ma na iya bukatar nasu iyakokin, domin a nan ne awo ke bin hanyoyin da ba ya bi a sauran ranaku.

Jingine ƙararrawa da afareta ke yi da hannunsa, wato kawar da ita gefe na ɗan lokaci, wani abu ne daban. A ba shi dama, domin in an hana shi zai nemi wata hanyar da ba a gani. Amma jinginar ta zo da wa'adi, ta dawo da kanta idan ya cika, kuma a karanta jerin a duk lokacin miƙa aiki ga masu karɓa.

Mataki na takwas: shigarwa da gwaji

Rubuta saƙon yadda wanda ya gaji zai gane shi a karatu ɗaya: wane tanki, me ya faru. Lambar na'ura kaɗai ba ta isa ba. Idan tsarin na da gurbin bayani, zuba dalilan da aka fi zato da aikin da aka amince a yi. Ajiye kwafin saitin da ke nan kafin ka canja komai, ka sanar da ɗakin kula, kuma idan gwajin zai iya taɓa katsewar gaggawa, sai da takardar izini.

Sai gwajin kansa. Da na'urar tura sigina, kashi 74 daidai yake da miliamfa 15.84, wato 4 a tara da kashi 74 na 16. Taso daga ƙasa a hankali, ka ga ta kama a wurin, bayan jinkirin da ka saita. Duba launi da sauti da saƙo da lokacin da aka rubuta a kundi. Sauko a hankali, kada ta saki sai a 15.04, wato kashi 69. Cire waya ka ga saƙon lalacewar awo ya fito shi kaɗai. Bayan an gama, tabbatar an fitar da awon daga halin gwaji. Awon da aka manta a daskare ya fi rashin ƙararrawa haɗari, domin allo na nuna lafiya.

Tura sigina daga tsakiyar waya ba ya gwada na'urar da ke jikin tankin. Inda babu haɗari, a ɗaga ruwan na gaske a gani. Makunnan kariya masu zaman kansu, waɗanda kan yi shekaru ba su motsa ba, a sa musu ranakun gwaji a kalanda. A matatar BP ta Texas City a Amurka, ranar 23 ga Maris 2005, ana cika wata hasumiya lokacin tayar da sashe. Ƙararrawar cika ta farko ta yi ƙara, ta biyu mai zaman kanta ba ta yi ba, ma'aunin kuma ya riƙa nuna ruwan na sauka alhali hasumiyar cika take yi. Mutum 15 suka rasu, kimanin 180 suka ji rauni.

Mataki na tara: bibiya da tsare lambar

Bayan wata guda, ciro ƙididdiga. Abin da ake nema ga afareta ɗaya a lokacin aiki lafiya shi ne kusan ƙararrawa 1 a minti 10, kuma 2 ita ce iyakar abin da zai iya ɗauka a kai a kai. Fiye da 10 a minti 10 ambaliya ce. Jera goma mafi yawan kuka ka fara da su, domin galibi su ne ke ɗauke da kaso mai tsoka na dukkan hayaniyar. Duba waɗanda suka wuce awa 24 a kunne. Duba kuma waɗanda aka samu matsala amma ba su yi ƙara ba, ko suka yi a makare. Wannan ba ya fitowa a ƙididdiga, sai ka tambayi afaretoci.

Kulle iyakokin da kalmar sirri, a bar canja su ga wanda aka ba izini, kowane canji da dalilinsa a rubuce. Lokaci zuwa lokaci a gwada abin da ke cikin na'ura da abin da ke cikin babban kundi, domin lamba kan zame da dare a ranar da ta dami wani, ba a mayar da ita ba.

Kuma duk ranar da aka canja wani abu a jikin injin, a sake lissafin mataki na huɗu. A ce an cire famfon tankinmu an sa mai zuba lita 1,500 a minti. Minti 18 ɗin nan yanzu kashi 27 ne, 92 a cire 27 saura 65, daidai bakin aikin yau da kullum. Tsohuwar iyakar 74 ta koma ba da minti 12 kacal, babu rara. Kafin a kunna sabon famfon, sai an zaɓa: a sauke matakin da ake riƙe tankin, ko a gajarta lokacin rufe bawul, sannan a rubuta sabuwar iyakar a kundi a sake gwada ta.